Kifi a Jikin Bango: Abin da Mai Gini a Batsari da Safana Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Shigo da Ruwa Falo

Duk wanda ya tashi a yammacin Katsina ya san lokacin da damina ta kankama, kududdufin bayan gari ya cika ya batse. Za ka ga yara da kwalabe da tsofaffin gwangwanaye, kowa ya kamo 'yan kifayen da ba su kai ɗan yatsa ba, wani ma har da 'ya'yan kwaɗi bai sani ba. A kawo kwalbar gida a ajiye a gindin randa, domin nan ya fi ko'ina sanyi, a riƙa leƙawa ana barbaɗa musu tsakin gero. Kwana biyu ko uku sai a wayi gari kifin ya juya ciki sama. Ni ma na yi wannan, kuma har yau ina tuna yadda raina ya ɓaci ranar da na zubar da nawa a bayan danga.

Wannan kwalbar ce ta faɗo mini a rai a falon wani ɗan'uwana, mutumin ƙasar Safana da ya yi gini a birnin Katsina. Ya ga akwatin kifi na gilashi a jikin bango a wani otal a Abuja, abin ya shiga ransa, ya dawo ya sa aka fasa bangon falonsa aka dasa masa irinsa. Ranar da aka cika shi da ruwa, ranar aka zuba jajayen kifayen ado guda 12. Na gan su da idona, suna kai da kawowa a ƙarƙashin farar fitila, yaran gidan sun yi tsugune a gabansu ko ƙiftawa ba sa yi. Wannan a ƙarshen Maris ne. Da na koma a tsakiyar Afrilu, ruwan ya zama kore shar, fentin da ke ƙasan gilashin ya kumbura yana ɓarewa, kifi ko ɗaya bai rage ba. Bangon da aka zaɓa na yamma ne, wanda rana ke duka tun daga azahar har la'asar sakaliya, sannan aka yi dare biyu babu wuta. Inna, mahaifiyarsa, da ba ta taɓa ganin irin wannan akwati ba sai a gidan ɗanta, ita ce ta faɗi gaskiyar lamarin: ta tuna masa cewa ko randa ba a girke ta a rana.

Ɗan'uwan nawa ya ɗora laifin a kan kifin. Ni kuwa ina ganin tun daga ranar da aka zaɓi bango aka yi kuskuren. Akwatin kifi da ake ginawa a jikin bango ba kamar kujera ko labule ba ne da za a sayo bayan an gama gini. Ɓangare ne na ginin kansa, kamar rijiya ko makwarara, kuma tun kafin a sa harsashi ake yanke shawararsa.

Sha'awar ba baƙuwa ba ce

Wani zai ce wannan ai almubazzaranci ne na mutanen birni. Ban yarda ba. Ɗan'adam ya daɗe yana son kallon ruwa a inda yake kwana. Mutanen Sin sun shafe ƙarnuka suna kiwon jan kifin ado, tun zamanin daular Song, daga baya suka riƙa shigo da shi ɗaki a cikin manyan tukwanen tangaran. A Ingila, wani masanin haɗa sinadarai mai suna Robert Warington ya nuna a 1850 cewa kifi da tsiron ruwa na iya rayar da juna a cikin mazubi guda, sannan a 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin Landan. Mu kuwa tun muna makarantar allo muke jin ƙissar Sarauniya Bilkisu a Suratun Namli, yadda ta shiga fadar Annabi Sulaimanu (AS) ta ga daɓen gilashi ta zaci ruwa ne. Wasu malaman tafsiri sun ambaci cewa ruwa ne da kifaye a ƙarƙashin gilashin.

Gidan Bahaushe ma ai da ruwa ake tsara shi. A Batsari ko Ruma ko Wagini, a Safana ko Runka ko Zakka, ka shiga tsohon gida ka duba: an san inda randa take, a inuwa, a kan 'yar tudun yashi mai danshi, da moɗa a kife a kan faifai. An san inda rijiya take da nisanta daga bayan gida. An san inda indararo ke zubar da ruwan soro don kada ya ci gindin bango. Adon ɗaki kuma ba a bar mu a baya ba. Jeren amarya, daga ƙore da faya-fayai zuwa tasoshi da kwanukan kwalla, daga nan zuwa kabad mai gilashi, duk manufarsa guda ce: a samu bango ɗaya da ido zai sauka a kansa da zarar an ɗaga labule. Akwatin kifi wannan gurbin yake nema ya shiga. Bambancinsa da jere shi ne yana da rai, yana da nauyi, kuma yana buƙatar hidima kullum.

Buhun siminti bakwai a wuri guda

A fara da nauyi, domin shi ne abin da aka fi rainawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati matsakaici, mai tsawon santimita 120, faɗin 45, zurfin 50, yana cin lita 270 in an cika shi taf, kusan jarka 11 ke nan ta lita 25. Gilashinsa kaɗai, in mai kaurin milimita 10 ne, ya haura kilo 50. A ƙara yashi da duwatsu, sai a tashi da kusan kilo 350, wato nauyin buhun siminti 7 a kan wurin da bai kai shimfiɗar sallaya ba, kuma dare da rana, shekara da shekaru.

Saboda haka dakalin da zai ɗauke shi daga ƙasa ake taso da shi, da bulo cikakke ko wanda aka cika cikinsa da kankare, a zuba masa rufi mai rodi, a daidaita shi da ma'aunin magina har sai ya kwanta sumul. Ɗan karkacen da ido ba ya gani shi ne ke tsaga gilashi bayan watanni. Tsakanin dakali da gilashi ana shimfiɗa soso mai tauri ko farin abin nan da ake tallafe firji da shi a kwali, don ƙwayar tsakuwa guda kada ta zama sanadi. A sama kuma sai an yi linta ta ƙwarai, ta yadda nauyin bango da rufi ba zai taɓa sauka a kan akwatin ba. A bar sarari na aƙalla santimita 30 zuwa 40 tsakanin bakin akwatin da lintar, da 'yar ƙofa, domin ta nan hannu zai shiga a ba da abinci, a goge gilashi, a cire abin da ya mutu. Na ɗan'uwana an toshe shi ruf don ya yi kyau, sai da aka sake fasa bango kafin a kwashe gawar kifin.

Ginin ƙasa kuwa, magana ɗaya ce: a bar shi. Ina son ginin ƙasa, ya fi bulo sanyi da bazara nesa ba kusa ba, kuma har yanzu shi ne gidan mafi yawan mutanenmu a ƙauyukan Batsari da Safana. Amma tubali da danshi ba sa zama inuwa ɗaya. Turirin ruwa da 'yar yoyon da ba a lura da ita ba za su ci bangon a hankali, gara kuma ta biyo laima ta kama azara. Mai gidan ƙasa da ke son kifi sai ya gina masa dakalin siminti mai zaman kansa, nesa da bango da kamar taki ɗaya.

Zurfin ruwa shi ke matsa wa gilashi, ba tsawon akwati kawai ba. Da zarar zurfi ya wuce santimita 60, kaurin gilashi da kuɗinsa sai su yi tsalle, hannu kuma ya daina kaiwa ƙasa. Gilashin taga da masu almuniyom ke yankawa bai dace ba sam, haka ma gam ɗin silikon na banɗaki, domin akwai wanda aka sa wa maganin kashe fumfuna, shi kuwa guba ne ga kifi.

Wane bango?

Nan ne na fi son mai gini ya tsaya ya yi tunani, domin hotunan da ake gani a waya na gidajen wasu mutane ne masu wata irin rayuwa. A can abin yayi shi ne a dasa akwatin a bangon da ya raba ɗakuna biyu, ana kallon kifi ta kowane gefe. A gidanmu wannan taga ce. Kakanninmu sun tsara zaure da shigifa a karkace da gangan, don idon baƙo kada ya zarce tsakar gida. In ka sa gilashi mai ruwa garau tsakanin falon baƙi da falon iyali, ka rushe wannan suturar da hannunka. Wanda ke son a more kifin ta ɓangare biyu, to ya kasance duka ɓangarorin na iyali ne. In kuwa a falon maigida ne, a rufe bayan akwatin da baƙin fenti ko shuɗi mai duhu ta waje, launin kifin ma ya fi fitowa a haka.

Sai batun alƙibla. A gidaje da yawa falo shi ne wurin sallar mata da yara, har da nafilar maigida da dare. Abu mai motsi da haske a gaban mai salla yana ɗauke hankali, don haka bangon gabas ya fita daga lissafi. Na yamma kuma mun ga abin da rana ta yi masa. Abin da ya rage shi ne bangon ciki, wanda rana ba ta taɓa bayansa, kuma hasken taga ba ya faɗa masa kai tsaye, domin hasken rana shi ke haifar da gansakukar da ke mai da ruwa kore.

Tsayi ma da magana. Masu zanen gidajen Turai suna auna idon wanda ke zaune a kujera ko yake tsaye. Mu yawancin zamanmu a ƙasa ne, a kan darduma ko tabarma, a nan ake cin tuwo, a nan ake hira. In aka ɗaga akwatin sama da yawa sai ya zama kallon 'yan tsaye kawai. Dakali mai tsayin santimita 60 zuwa 70 ya fi dacewa, mai kujera ya gani, na ƙasa ya gani. Amma wannan tsayin ya sa shi daidai hannun yaro, shi ya sa murfi mai makulli ya zama dole, soket ɗin wuta kuma a sa shi sama da bakin ruwa, a gefe, wayar ta sauko ta yi lanƙwasa kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

Sauran adon ɗakin ba shi da wuya in an yarda da abu guda: bangon kifi na kifi ne. Kada a haɗa shi da talabijin da agogo da hotuna da furannin roba. Fenti mai sanyi, ruwan ƙasa ko ruwan madara, kujeru su fuskanci juna yadda aka saba, kifin ya kasance a gefen ido. Jere da kabad su koma ɗaya bangon.

Bazara, hunturu da wuta

A watan Afrilu zafi a ƙasar Katsina yana haura digiri 40, kuma ɗakin kwano marar sili ya fi waje. Ruwa kuwa in ya ɗumama, iskar da ke cikinsa raguwa take yi: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na iskar shaƙa, a digiri 30 ta sauko wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Jan kifin adon nan da kowa ya fi sani kifin ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi ƙasa da digiri 24. Kawo shi falon da ba a sanyaya shi zalunci ne, ko da ba da niyya ba. Da hunturu kuma lamarin ya juya, dare ya yi sanyi, ƙura ta rufe fuskar ruwa. Babban akwati ya fi ƙarami jure wannan sauyi, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi. Mutane na zaton ƙarami ya fi sauƙi ga ɗan koyo, alhali shi ya fi saurin kashe kifi.

Wuta ita ce ran akwatin. Ba ya cin wuta da yawa: ɗan famfon iska, da matacin ruwa, da fitila, gaba ɗaya ba su cika wuce watt 40 ba. Matsalar ita ce famfo da mataci ba sa hutawa. Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san ba a jingina rai da wutar layi, janareto kuma ba ya kwana yana aiki. Faifan sola guda da batir na musamman don akwatin kaɗai, wanda ba a haɗa shi da cajin waya da fanka ba, shi ne maganin. Wanda bai shirya sayen wannan ba, bai shirya kifi ba tukuna.

Ruwan da kifin

Ƙasar Batsari da Safana ƙasar duwatsu ce, kuma a irin wannan ƙasa ba ko'ina ake haƙa burtsatse a dace ba. Gidaje da dama da 'yan ga-ruwa suka dogara. To a yi lissafi tun da wuri: bayan jarka 11 na cikawar farko, kowane mako sai an zuƙe kusan kashi ɗaya cikin biyar an zuba sabo, jarka 2 ke nan. Ruwan da aka cire ba asara ba ne, taki ne mai kyau ga zogale ko lalle a tsakar gida. Mai hikima tun wajen gini zai binne ɗan bututu daga gindin dakali zuwa wurin shuka, ya huta da jan bokiti a kan kafet. Ruwan famfo in an sa masa sinadarin kilorin sai an bar shi ya kwana a buɗe ko an sa masa maganin da ke kashe ƙarfinsa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani, wanda shi ya kashe kifayen kwalbarmu tun muna yara. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, mai guba. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin soson mataci su ke juya shi zuwa abin da ba ya cutarwa sosai. Kafin su yi yawa ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Shi ya sa ba a zuba kifi da yawa a sabon akwati, ana farawa da biyu ko uku ne, kuma ba a wanke soson da sabulu, sai dai a ɗauraye shi a cikin tsohon ruwan akwatin. Iyaye mata kan tambayi batun sauro. Ruwan da ke motsi kuma da kifi a ciki ba ya haifar da sauro, kifin ma cinye tsutsarsa yake yi.

Wane kifi za a sa? A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Mun raina namu. Daga Legas ake fitar da kifayen ado na ruwan Najeriya zuwa Turai da Amurka da Asiya, ciki har da mai dogon baki kamar haurar giwa da wani mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi. Gartsa, wadda wasu ke kira gwando, mai sulke a jiki da ƙayoyi a jere a gadon baya, masu sha'awar kifi a duniya kuɗi suke sawa su saya, ga shi tana shaƙar iskar sarari, ba ta saurin galabaita in famfo ya tsaya. Kurungu yana da kyawun ɗigo-ɗigo, wani irinsa ma a rigingine yake iyo. Akwai wani ɗan mitsitsin kifin kududdufi mai launi da masana suka laƙaba wa sunan Kiyawa tun 1928, wanda ƙwansa ke jiran damina a cikin busasshen taɓo. Madatsar Zobe da ke kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, tana da karfasa da tarwaɗa da kurungu, kuma masunta na nan.

Sai dai ba kowane namu ne ya dace da falo ba. Tarwaɗa na girma da sauri ta haɗiye maƙwabtanta. Gaiwa, duk da abin mamakin da ke tattare da ita na kwana a cikin laka tsawon rani, takan kai kusan mita guda, kuma ba ta son abokin zama. Karfasa na tone yashi tana tumɓuke tsiro, ko da yake ganin uwar ta ɗauki 'ya'yanta a baki darasi ne da yaro ba zai manta ba. Duk kifin da aka kawo daga dam a ware shi a wani mazubi na mako biyu ko uku a ga lafiyarsa. Wanda kuma ya gaji da kifin waje, don Allah kada ya juye shi a dam ko rafi.

Wa zai zauna da shi?

Ba zan rufe ido in yi kamar ban san halin da yankin nan ya shiga ba. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, waɗannan biyun na ciki. Dubban mutane sun bar gonakinsu na rogo da dankali da gero sun koma cikin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko Katsina. A 2023 gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-ido na al'umma, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin. Wanda ya taɓa fita da iyalinsa cikin dare ya san abin da ake iya ɗauka: yara, 'yan tufafi, wataƙila akuya. Ba a ɗaukar kilo 350 na ruwa da gilashi.

Shi ya sa tambayar ƙarshe da zan yi wa mai gini ba ta siminti ba ce. Akwai wanda zai kwana a gidan nan kowane dare? In ka yi tafiyar mako biyu, wa zai ba su abinci, wa zai duba batir? Addininmu bai hana ajiye dabba ba, amma ya ɗora wa mai ajiyewa ci da shanta, kuma kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare. Kifin da ke bayan gilashi ba shi da kukan da zai yi a ji. Ma'aikacin da ya gina gida a garinsu don zuwa hutun salla kawai, gara ya bar gurbin a bango, da dakalinsa da lintarsa da bututunsa, ya sa littattafai ko jere a ciki har ranar da zai dawo ya zauna.

Kirana na ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 kuma take da sashen nazarin kifi da kiwonsa, a maƙwabtan Safana. Matasanmu masu yankan gilashi da masu haɗa sola da magina suna nan birjik, abin da ya rage a haɗa su da masu ilimin ruwa, a koya musu haɗa akwati da renon ƙananan kifayenmu na gida. Kai kuma mai shirin gini a bana, kafin magini ya ja igiya, ka zaunar da shi da mai wayarin da mai aikin famfo a wuri guda, ka nuna musu bangon, ka faɗa musu nauyin.